Ranar da Kumandanmu Ya Tashi Sama Cikin Tano

Kafin a gina gada tsakanin Gaya da Malanville, duk kayan da suka fito daga bakin teku sai sun hau bak, babban jirgin fiton nan mai ƙetarar da motoci, kafin su iso mana. Abin da ke fashewa kuwa, kwalbar fitila ce ko faranti ko madubi, a naɗe yake zuwa cikin tsofaffin jaridun Faransa. Ni a lokacin saurayi ne, na gama ƙaramar lakwal, wato firamare, ina aikin kommi, wato akawu, wurin wani mai kamiyo, irin manyan motocin kayan nan, da ke da fili a bakin kogi. In an sauke akwatuna ni ke tsayawa a buɗe su. Maigidana yana duba ko wani abu ya fashe, ni kuma ina tattara takardun ina cusawa cikin riga.

A cikin takardun nan na fara gamuwa da mutanen sama. Shafuka ne masu zane kala-kala: Turawa sun kifa tulun gilashi a ka suna yawo kan wata, korayen halittu masu ido uku, jirage na fitar da wuta ta baya suna ratsa taurari. Abin da ya dame mu kawai shi ne masu naɗe kayan can Faransa ba ruwansu da labari. Za ka samu shafin da aka ɗaure jarumi jikin dutse, wani abu mai haƙora ya wage baki, to shafi na gaba yana jikin wani faranti da tuni ya wuce Dosso. Har yau da nake wannan rubutu ban taɓa karanta ko ɗaya daga cikin labaran nan daga farko zuwa ƙarshe ba.

Wanda na fara nuna wa shi ne wani tela da ke bakin kasuwa. Ya girme ni, yaya nake ce masa. Gajere ne mai tumbi, ga saurin dariya ga saurin fushi. Ba ya karanta Faransanci, sai ni in fassara masa, amma abin da ya ji sau ɗaya ya zauna a kansa ke nan. Maƙwabcinsa mai gyaran keke, wani dogo siriri da bai taɓa yarda da maganar kowa ba tun da ya iya magana, ya fara leƙowa ne don ya ƙaryata mu, bai ankara ba ya fi mu kamuwa. Kafin damina ta fita rumfar tela ta zama dandalin samari kullum bayan la'asar, har masu kawo ɗinki suna rasa wurin tsayawa.

Muka kafa ƙungiya, muka sa mata wani dogon suna da ba wanda ya taɓa faɗinsa iri ɗaya sau biyu. Tela ya zama kumandan. Ya ɗinka wa kowa tauraro a kafaɗa, nasa kuma ya jera su har gwiwar hannu. Ba a shiga ƙungiyar haka kawai, sai an ci jarrabawa: ido nawa mai gadin jan tauraro yake da shi, da wane hannu jarumi ke riƙe bindigar haske, me ya sa ba a atishawa cikin tulun gilashi. Wanda ya ce abin tatsuniya ne, korarsa ake yi nan take. Mun taɓa korar wani malamin lakwal sukutum don ya ce babu iska a kan wata. Kumandan ya ce masa tunda bai taɓa zuwa ba, ya yi mana shiru.

Har harshe muka yi. Akwai wasu manyan kalmomi da ake rubutawa a tsakiyar zane da jan launi, irin su bum da zuf da karak. Ni na tabbatar wa jama'a cewa harshen mutanen sama ne, tunda ba su cikin Faransancin da aka koya mani. Da yake duk inda baƙin suka sauka sai a rubuta bum, muka yanke cewa sallama ce. In mun gamu a kasuwa ɗaya ya ce bum, ɗaya ya amsa da bum zuf, mu wuce muna ƙunshe dariya, muna jin ba wanda ya kai mu sanin abin da duniya ke ciki. Mahaifiyata ta sa aka yi mani rubutu na sha.

Rikici ya shigo mana ne ta akwatin faranti guda. A ciki na samu shafi biyu, ɗaya ya zana jirgin baƙin sama shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ɗaya ya zana shi dogo kamar taɓarya. Cikin mako guda ƙungiya ta tsage, aka samu Ƴan Faifai da Ƴan Taɓarya. Mai keke ne jagoran Ƴan Faifai, hujjarsa ita ce duk abin da ke tafiya mai nisa kewayayye ne, ga tayar keke nan shaida. Ni ɗan Taɓarya ne, kuma har gobe ina ganin mu ke da gaskiya, don ban ga yadda faifai zai huda sama ba. Akwai wa da ƙani da suka daina cin tuwo kwano ɗaya kan wannan batu. Kumandan ya ƙi bin kowa, ya ce sama na da faɗi, za ta ɗauki duka biyun. Wannan magana ta ɓata wa kowa rai.

Wata rana mai keke ya miƙe a gaban jama'a ya tambaya ta yaya mutumin da bai taɓa zama cikin jirgi ba zai zama kumandan. Ya ce a takardu, kumandan na gaskiya yakan zauna shi kaɗai cikin duhu, a matse, ba magana, ba tsoro. Tela ya ajiye almakashi ya ce a kawo jirgin.

Jirgin kuwa tano ne, irin gangar ƙarfen nan ta mai. A filin maigidana akwai jerin tano marasa komai da ke jiran a mai da su kudu. Muka zaɓi ɗaya muka wanke shi da toka, maƙeri ya yanke bakinsa ya yi masa murfi mai ɗauruwa da waya, ya huda ƴan ƙofofin shan iska. Tela ya rufe rumfa ya ɗinka wa kansa kayan tafiya. Ya bi kasuwa kaf ya tsince farar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya lilliƙa ta jikin doguwar riga har ba a ganin yadin. Hular kuwa tukunyar dalma ce ta matarsa, aka tsaga mata wurin ido, mai keke da kansa ya kafa mata wayoyin tayar keke guda biyu a ka, don kada a ce ya yi ƙyashi.

Muka zaɓi ranar Lahadi, ranar da ba a aiki a filin, maigidana kuma ya tafi Dosso. Sharaɗin shi ne zai shiga bayan azahar, ba zai fito ba, ba zai ce uffan ba, sai ya ji mun ƙwanƙwasa masa da la'asar. Da ya fito daga bayan zana cikin rigar nan rana ta dake shi, sai da muka kare idanunmu. Wani ɗan Taɓarya har hawaye ya yi. Kumandan ya tuɓe takalmansa a gefen tano kamar mai shiga masallaci, ya ɗaga hannu ya ce mana bum, muka amsa baki ɗaya, muka ɗaga shi muka zura. Tumbin ya ɗan ba mu wahala. Muka ɗaure murfi.

Da farko mun kewaye tanon muna gadi cikin natsuwa. Amma rana ta Gaya ba ta barin mutum ya yi natsuwa a fili. Muka koma inuwar wata tsamiya da ke bayan katangar filin, da niyyar mu riƙa leƙowa. Nan wani ya ce ai tano ya fi kama da taɓarya, saboda haka gwajin nan namu ne. Mai keke ya ce a dube shi ta sama a ga in ba faifai ba ne. Daga nan ban san inda lokaci ya tafi ba. An yi zane a ƙasa, an yi rantsuwa, an kawo faifai na gaske daga wani gida an wurga shi a ga nisan da zai yi, an nemi a wurga taɓarya mai gidan ta hana. Muna ta ihu har muryoyi suka dushe. Kiran la'asar ne ya dawo da mu hayyacinmu.

Muka kewayo katanga da gudu don mu ƙwanƙwasa wa kumandan. Babu tano. Inda yake tsaye sai da'ira kewayayya tsaf a kan rairayi, ga takalmansa a gefe, a jere yadda ya bar su.

Muka kewaye da'irar muna kallo. Can sai mai keke ya durƙusa, ya bi da'irar da yatsa, ya ɗago kai idanunsa sun yi ƙwal-ƙwal, ya ce a hankali, “Faifai ne ya ɗauke shi.”

Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba, ko a gidan biki. Muka rungumi juna, muka yi tsalle, wasu suka kwanta suna birgima suna kallon sama suna ɗaga hannu. Ba wanda ya tuna cewa mutumin nan yana da mata da ƴaƴa. Wani ya lura cewa sauran tanon da ke jere a filin su ma babu ko ɗaya. Wannan ya ƙara mana tabbaci, muka ce ai baƙi ne, ba su san wanne yake ciki ba, shi ya sa suka kwashe duka. Ƴan Taɓarya muka ce da'irar nan gindin taɓarya ce da ta tsaya a tsaye. Kafin magariba an kafa ƙaya an kewaye wurin, an sa takalman cikin ƙwarya an rufe da farin ƙyalle.

Da gari ya waye murna ta ɗan lafa, zargi ya shigo. Ƴan Taɓarya suka fara raɗa cewa wa ya kawo shawarar tano tun farko, wa kuma zai gaji kumandanci in tela bai dawo ba. Ƴan Faifai suka ce filin na maigidan wane ne. Aka yanke a naɗa mai bincike. Da yake wani lokaci shafukan labarin ƴan sandan ciki ma na faɗowa hannuna, aka ce ni na san aikin. Na ari hular mahaifina, na samo gilashin tsohuwar tocila ina karawa a ido, na fita ina tafiya a sunkuye. Karnukan unguwa suka raka ni har bakin kogi.

Na fara da wata tsohuwa mai ƙosai da ke zama kusa da ƙofar filin. Na tambaye ta ko ta ji ruri jiya da rana, ta ce ta ji. Ko ta ga hayaƙi, ta ce baƙi ƙirin, har ya shiga mata mai. Ko abin ya daɗe, ta ce a'a, da gaggawarsa ya zo da gaggawarsa ya tafi. Na ce wane waje ya nufa, ta nuna kogi da matsamin ƙosai. Na ce, “Inna, kewayayye ne ko dogo?” Ta dube ni ta ce dogo mana, ka taɓa ganin kewayayye. Ban tsaya jin sauran ba, na ruga na shaida wa Ƴan Taɓarya mun ci.

Daga nan na je gidan tela, don a takardu mai bincike yakan fara zargin iyali. Matarsa na tsakar gida tana tankaɗe. Na gyara murya na ce mata ta yi haƙuri, alamu sun nuna maigidanta ya bar duniyar nan, amma ba ta hanyar da aka saba ba. Ba ta daina tankaɗe ba. Ta tambayi inda ya tafi, na nuna sama da yatsa.

“To, ƙanena,” ta ce, “in kuna da hanyar aika saƙo can, ku ce masa kayan bikin mutanen Tanda na nan ko yankawa bai yi ba, kuma ranar kasuwa za su zo. Tukunyata kuma ya dawo da ita.”

Na fito ina ganin wannan natsuwa tata abin zargi ce ƙwarai.

Mai keke kuwa, na tsare shi a rumfarsa na yi masa tambayoyi masu kaifi. Na ce ina yake lokacin da abin ya faru. Ya ce yana gabana, yana riƙe da wuyan rigata. Na tuna haka ne, amma na ce masa wannan wayo ne irin na manyan masu laifi. Shi kuma ya ce in ya so zai iya cewa ni na sayar da kumandan ga baƙi. Muka rabu kowa na zargin kowa, muna jin daɗin abin ƙwarai.

A kwanakin nan gari ya ɗauka. Masu neman shiga ƙungiya suka yi layi, har muka tsananta jarrabawa don kada ƴan bana-bakwai su cika mana wuri. Mutane daga Yélou suka zo kallon da'ira. Iska ta share ta, mai keke ya sake zana ta da asuba, ta fito ta fi ta da girma. Wani ya rantse ya ga kumandan cikin wata yana ɗinki.

Wani masunci ne ya ce mani ranar Lahadin ya ga wasu abubuwa na ƙyalli cikin rana suna ƙetare kogi zuwa ɗaya gaɓar. Na ce to, binciken ya zama na ƙasa da ƙasa. Na hau bak na nufi Malanville da gilashina. Muna isa na tarar da cincirindo a bakin ruwa, an kewaye wani kamiyo mai jiran ƙetarowa. Na gane motar, ta maigidana ce. Aparantin direban, wato yaron motar, na zaune kan tudu, ƙafarsa ɗaure da tsumma, yana ba jama'a labari da Dandanci da Hausa a cakuɗe.

Ya ce ranar Lahadi direba ya matsa su kwashi tano su kama bak kafin ya tashi, suka shiga fili ba kowa, suka mirgina su kan katako suka loda. Ɗaya ya yi nauyi, ya ɗauka ruwan sama ne ya taru ciki. Sun yi nisa kan hanyar Kandi, rana ta yi ja, suka tsaya kusa da wata ruga don zuba wa mota ruwa. Sai ya ji atishawa daga cikin tano. Ya kwance wayar ya ɗaga murfi, sai ga wani abu ya miƙe yana walƙiya, kansa ƙarfe, ga ƙahoni biyu sirara, ya ɗaga hannu ya ce da shi bum. Shi dai ya san ya yi tsalle daga saman mota. Direba ya leƙo, ya ga abin na saukowa ta baya, ya jawo shi cikin mota suka ba ta wuta.

Na zauna a ƙasa. Dariya ta kama ni har na kasa numfashi, jama'a suka ɗauka aljanin ne ya taɓa ni, wani ya fara yi mani tofi. Da na samu kaina na sa gilashin a aljihu, na nemi motar da za ta kudu.

Rugar ba ta yi wuyar samu ba, duk wanda na tambaya a hanya ya san inda mai ƙyalli yake. Na tarar da yaya zaune ƙarƙashin bishiya, ba takalmi, rigar ta zube rabi, yana riƙe da allura yana ɗinke wa wani dattijo aljihu. Tukunyar na gefe cike da nono. Da ya gan ni ya ajiye allurar, ya dube ni, na dube shi. Na ce bum. Ya ce in na ƙara faɗin kalmar nan zai soka mani allura.

Sai da ya huce ya ba ni labari. Ya ce yana cikin tano zufa na karyo masa, har ya fara tunanin ƙwanƙwasawa ya ce ya haƙura da kumandancin, sai ya ji an kwantar da shi, duniya ta fara juyawa, babu sama babu ƙasa, daidai yadda na fassara masa. Sai ruri, sai girgiza. Ya ce wallahi ya yi niyyar ihu, amma ya tuna sharaɗi, ya ce kada baƙi su ce mutanen Gaya matsorata ne. Da ya ji lilo a hankali da ƙarar ruwa ya ce an ratsa gajimare. Da aka buɗe murfi ya ga jan sama da jar ƙasa, ya ce jan tauraro ne. Halittar farko da ya gani ta gudu. Ya sauko, jirgin ya tashi ya bar shi cikin ƙura. Ta tsagar tukunya ya hango wasu manyan farare masu dogayen ƙahoni sun kewaye shi suna huci. Ya zaɓi wanda ya fi girma, ya rusuna, ya yi masa sallama da harshen sama, ya gabatar da kansa da ƙungiyarsa da dogon sunanta.

Na ce yaushe ya gane. Ya ce ba da wuri ba. Ko da makiyaya suka zo da sanduna suna Fulatanci, ya yi mamaki ne kawai yadda Fulani suka riga kowa zuwa. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne dattijon nan, wani dillalin shanu da ke zuwa kasuwar Gaya. Ya matso ya leƙa tsagar tukunya, ya ce ashe kai ne, aljihun rigar da ka ɗinka mani bara ya yage. Tela ya dubi ɗinkin ya ga hannunsa ne. Kunyar dawowa cikin wannan shiga ce ta zaunar da shi, ga kuma mutanen rugar sun yi ta kawo masa tsummokara.

A hanyarmu ta dawowa mun yi dariya har direba ya yi barazanar sauke mu. In mun yi shiru, sai yaya ya ce “na fa rusuna wa bijimi,” mu sake ɓarkewa. Muka shirya cewa zai faɗi gaskiya a gaban kowa a wuce wurin.

Ƙungiya ta taru a rumfarsa, har da sababbin da ba su taɓa ganinsa a matsayin kumandan ba. Ya tsaya ya ba da labarin tsaf, kamiyo, bak, ruga, bijimi. Ni ma na ba da sakamakon bincikena. Muna jiran dariya, ba wanda ya yi. Mai keke ya miƙe a hankali ya kewaya shi yana dubansa sama da ƙasa. Ya tuna wa jama'a wani shafi da muka taɓa samu jikin madubi, inda baƙin sama suka sace mutum suka aiko da wani mai kamarsa don ya ce ba abin da ya faru.

“Kumandanmu ya fi wannan tumbi,” in ji shi.

Yaya ya ce kwanaki ya yi yana shan nono zalla, dole ya rame. Aka ce a yi masa jarrabawa. Shi da ya tsara tambayoyin da bakinsa, fushi ya rufe masa ido, aka tambaye shi hannun da jarumi ke riƙe bindigar haske ya ce dama, alhali hagu ne. Rumfa ta ɗauki salati. A karo na farko tun rabuwarmu Ƴan Faifai da Ƴan Taɓarya suka ɗaga hannu tare, aka yanke cewa wannan ba shi ba ne. Ni kuma aka ce a sa mani ido, tunda na yi tafiya da shi mota ɗaya. Ya nemi takalmansa aka hana shi, aka ce na kumandan ne.

Yana tsaye yana rantsuwa cewa shi ne shi, sai ga matarsa ta ratso jama'a. Ba ta kula kowa ba. Ta ɗauki tukunyarta ta duba tsagar da aka yi mata, ta dubi mijin, ta ce shi ne, don ba wanda za a aiko daga sama da wannan wauta. Ta ce mutanen Tanda na zaure tun hantsi. Ya bi ta sumui-sumui, ƙyallin rigarsa na zuba a hanya, sababbin ƴan ƙungiya na bi suna tsincewa.

Aka naɗa mai keke riƙon ƙwarya har kumandan na gaskiya ya dawo. Taro ya koma rumfarsa, wadda ke manne da ta tela, sai ya zama kullum bayan la'asar yaya na taka keken ɗinkinsa yana jin ana addu'ar Allah ya dawo da shi lafiya. Wani lokaci in aka yi kuskuren labari ba ya iya daurewa, sai ya gyara musu ta cikin zana, su ce a yi hankali, na bogin na saurare. Maigidana da ya dawo daga Dosso ya ji abin da aka yi da tanonsa, ya so ya yi faɗa, dariya ta hana shi, sai ya koma duk baƙon da ya zo sai ya sa in maimaita labarin bijimi.

Ƙungiyar ta watse a hankali, kamar yadda irin waɗannan abubuwa ke watsewa, wannan ya yi aure, wancan ya bi mota zuwa Parakou, siyasa ta shigo ta ba samari sabon abin yin gardama. Abin da ban zata ba shi ne yadda yaya ya koma. Da shekaru suka tura, labarin ya fara canzawa a bakinsa. Kamiyon ya fara dishi-dishi, rugar ta yi nisa, jan saman ya ƙara ja. Jikokinsa sun tashi da sanin cewa kakansu ya je wani wuri. Wata rana, muna tsofaffi duka, na same shi yana ba yara labarin, na zauna har ya gama. Da suka watse na ce masa, yaya, ni fa na je na ɗauko ka, na ga rugar da idona, na sha nonon.

Ya cire zare daga bakinsa, ya dube ni da tausayi, ya ce, “Rugar ka gani. Amma tsakanin Gaya da rugar, kai ba ka cikin tanon.”